Kwamfuta biyu, monita ɗaya: wane suwic ya kamata in saya?

Mai_Kafe_Yelwa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana. Teburin aiki a shagonmu da ke Yelwa, nan Bauchi, ƙarami ne, monita ɗaya kawai yake ɗauka. Kwamfuta kuwa biyu ce: ta tebur wadda ake buga takardu da ita, da laftof wadda ake rijistar ɗalibai da sauran ayyukan intanet a kanta. So nake duka biyun su riƙa amfani da monitar nan da kibod ɗaya da maus ɗaya, ba tare da ana ciccire waya kullum ba.

Ga abin da ke akwai. Monitar inci 22 ce, 1920 x 1080, a bayanta akwai kafar VGA ɗaya da HDMI ɗaya. Ta tebur tana da VGA da wata kafa mai kama da HDMI, amma wayar HDMI ba ta shiga. Laftof HDMI kawai gare ta. Kibod da maus marasa waya ne, ɗan filogi ɗaya suke aiki da shi. An kawo mini wani ɗan akwati mai kafar HDMI uku, an rubuta 1x2 a jikinsa, aka ce zai yi. Ban haɗa ba tukuna. Shi ne suwic ɗin, ko akwai wani abu daban?

Injiniya_Bolari:

Wa alaikumus salam Malam. Da farko, mayar da akwatin nan tun kwalinsa bai yage ba. 1x2 na nufin shiga ɗaya, fita biyu. Sifilita ce, aikinta ta ɗauki hoto daga na'ura ɗaya ta raba wa allo biyu, irin wadda ake sawa a gidan kallon ƙwallo. Kai akasin haka kake nema, shiga biyu fita ɗaya, wanda ake rubuta wa 2x1. A ido kamarsu ɗaya, shi ya sa ake yawan miƙa wa mutum wannan a madadin wancan.

Kafar nan da wayar HDMI ta ƙi shiga, DisplayPort ce. Haska ta da fitilar waya ka gani: HDMI kusurwa biyu ne a yanke a ƙasanta, DisplayPort kusurwa ɗaya ce. Fil 20 gare ta, HDMI 19. Yawancin kwamfutocin ofis na HP da Dell da ake kawo mana na hannu haka suke, VGA da DisplayPort, babu HDMI. Kada ka tura da ƙarfi, za ka karya harshen da ke ciki.

Yanzu ga ainihin maganar: monitarka ita kanta suwic ce, kuma ka riga ka biya kuɗinta. Tunda tana da kafa biyu, haɗa ta tebur da wayar VGA, haɗa laftof da wayar HDMI, ka bar duka biyun a jiki. A ƙasan monitar ko gefenta akwai maɓallin Input ko Source. Danna shi ka zaɓi VGA, ta tebur ta fito. Ka zaɓi HDMI, laftof ta fito. Maganar hoto ta ƙare ke nan, ba ka sayi komai ba sai waya.

Saura kibod da maus. Wannan ƙaramin suwic na USB ne zai yi maka, wanda ake rubuta wa 2 in 4 out: kwamfuta biyu, kafar USB huɗu. Yana zuwa da waya biyu, ɗaya ta tafi ta tebur, ɗaya ta tafi laftof. Ka soka ɗan filogin kibod ɗinka a ɗaya daga kafofin huɗun. In ka danna maɓallin da ke kansa, duk abin da ke jikinsa ya koma ɗaya kwamfutar. Duba cewa wayoyin biyu suna cikin kwalin kafin ka biya, domin wasu irin mai kai iri ɗaya ne ta kowane gefe, kuma ba kowane shago ke ajiye irinta ba.

Abin da ya sa na fifita wannan a kan cikakken KVM, wato akwati ɗaya mai juya hoto da kibod da maus a tare, shi ne kwamfutocinka ba su da kafa iri ɗaya. KVM na HDMI yana son HDMI daga duka biyun, sai ka saya wa ta tebur adafta. KVM na VGA kuma sai ka saya wa laftof kwanbata mai juya HDMI zuwa VGA. Kowace adafta da ka ƙara wuri ne na lalacewa, ranar da hoto ya ɗauke sai ka rasa wa za ka kama. Aibin tawa hanyar ɗaya ne: maɓalli biyu za ka danna, ba ɗaya ba.

Malama_Tumfure:

Injiniya ya faɗi gaskiya, kuma da hanyarsa za ka fara. Sai dai in aikin shagon irin wanda ake juyawa ne kowane minti biyar, musamman lokacin rijistar jarrabawa, shiga menu na monita zai gundure ka, maɓallan monita kuma ba don yawan dannawa aka yi su ba. In ka kai nan sai KVM. To amma kada ka je ka ce a ba ka KVM kawai, akwai abin dubawa.

Babban abin shi ne EDID, wato bayanin da monita ke bayarwa game da kanta. Kowace monita tana ɗauke da ɗan bayani a cikinta: sunanta, girman hoton da take iya nunawa, da sau nawa take sabunta shi a daƙiƙa. Da ka haɗa waya, kwamfuta ke karanta wannan bayanin ta san me za ta aiko. A HDMI kuma akwai fil na 19 wanda aikinsa shi ne ya shaida wa kwamfuta cewa akwai monita a haɗe. KVM mai araha in ka danna shi, yanke layin yake yi gaba ɗaya daga kwamfutar da ka bari. Ita kuwa sai ta ɗauka an zare monita. Laftof ta kwashe duk tagogin da ka buɗe ta mayar kan ƙaramin allonta, ta matse su. In ka dawo ka tarar komai ya watse, sauti ma ya koma wata sifika. Allon kuma ya yi baƙi na 'yan daƙiƙu kafin su gama gaisawa da monitar daga farko. KVM mai kyau yana kwafar bayanin monitar ya riƙe, ya ci gaba da nuna wa kowace kwamfuta kamar monitar na nan. A kwali za ka ga an rubuta EDID emulation. In babu wannan rubutun, ɗauka babu shi, ko me mai shago ya ce. A nan ne bambancin kuɗin yake, kuma araha ba ta ado.

Wannan ma wani dalili ne da hanyar Injiniya ta fi KVM mai araha: galibin monitoci ba sa yanke kafar da ba a kallo, don haka kowace kwamfuta tana ganin monitarta a wurinta, tagogi ba sa motsi.

In KVM na HDMI za ka saya, ta tebur za ta buƙaci waya ko adafta daga DisplayPort zuwa HDMI. Hanya ɗaya take bi: kan DisplayPort a kwamfuta, kan HDMI a KVM. In aka juya ta ba za ta yi ba. Duba kusa da kafar kwamfutar, in akwai alamar DP da ++ a gefe, adafta ta gama-gari za ta yi, domin kafar da kanta tana iya fitar da siginar HDMI. In babu alamar, nemi wadda aka rubuta wa active, ita tana da ɗan cif a ciki da ke yin juyin. Ribar da za ka samu a nan ita ce ta tebur ta bar VGA, rubutu ya fito tas.

Kada a ruɗe ka da 4K ko 8K a jikin kwali. Monitarka 1920 x 1080 ce a 60Hz, wato sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, HDMI 1.4 wadda ta fito tun 2009 ta ishe ta har da rara. HDMI 2.0 ta 2013 sai mai monitar 4K da ke son 60Hz, domin 1.4 a 30Hz take tsayawa a wannan girman. Gara ka sa kuɗin a EDID da a lambar da ba za ka mora ba.

Sai maganar kibod ɗinka mara waya. KVM da yawa suna da kafa biyu masu hoton kibod da maus, sannan wasu kafofin USB na gama-gari. Masu hoton nan ba kai tsaye suke wucewa ba, akwatin yana sauraron abin da kake bugawa don ya kama umarnin juyawa, wanda a yawancinsu shi ne danna Scroll Lock sau biyu. Filogi ɗaya mai ɗauke da kibod da maus a tare yakan rikita su: kibod ya yi, maus ya ƙi, ko maɓallan ƙara sauti su mutu. Soka shi a kafar gama-gari. Za ka rasa juyawa da kibod, amma dama ƙananan kibod marasa waya da yawa ba su da Scroll Lock ɗin. Nemi KVM mai ɗan maɓalli a kan doguwar waya, ka manna shi a gefen tebur, akwatin ya zauna a ƙasa.

Mai_Kafe_Yelwa:

Allah ya saka da alheri Injiniya, Malama na gode. Na gwada hanyar farko da wata wayar VGA da ke shago, hoton duka biyun yana fitowa. Matsala huɗu suka rage. Gefen VGA rubutu ya yi ƙato kuma da inuwa, saitin ya tsaya a 1024 x 768, babu 1920 a jerin. In na rufe murfin laftof hoto yana ɗaukewa. Ina so in sa firinta da filash a suwic na USB in na saya, ko da matsala? Sannan in ana kan janareta, ƙarfen kan wayar HDMI yana ɗan jan hannu idan na taɓa.

Injiniya_Bolari:

Ta farko wayar ce, kusan tabbas. VGA fil 15 gare ta a layi uku, kuma bayanin nan da Malama ta yi magana a kai ta fil na 12 da na 15 yake bi. Siraran wayoyi masu araha wasu ba a haɗa waɗannan biyun a ciki ba, ko kuma ɗaya ya lanƙwashe. Hoto zai fito, tunda launuka ta wasu filolin suke bi, amma kwamfuta ba ta san wace monita ce ba, sai ta koma ƙaramin saitin da ta tabbatar kowace monita za ta ɗauka. Don ka tabbatar, buɗe Device Manager ka duba ƙarƙashin Monitors. In ka ga Generic Non-PnP Monitor, bayanin bai iso ba. In kuma a ƙarƙashin Display adapters ka ga Microsoft Basic Display Adapter, to ba wayar ba ce kaɗai, direban hoto ne, wato manhajar da ke sarrafa hoton kwamfuta, ba a sa ba, abin da ke yawan faruwa bayan an yi wa kwamfuta sabon Windows.

Sayi waya mai kauri, mai ƙulli a kusa da kowane kai, mita ɗaya da rabi. Kada ka ɗauki mai mita biyar don a ce ta fi, VGA tsohuwar fasaha ce tun 1987, siginarta ba ta lambobi ba ce, duk tsawon da ka ƙara inuwar rubutu ce kake ƙarawa. Ɗaure sukurori biyun nan. Sa 1920 x 1080, buɗe shafi mai cike da rubutu, sannan ka danna Auto a monitar ta daidaita kanta. A kan baƙin allo in ka danna Auto ba ta da abin aunawa, sai hoton ya karkace gefe.

Murfin laftof: shiga Control Panel, Power Options, Choose what closing the lid does, ka mayar da shi Do nothing a ɓangaren Plugged in. Na batir ka bar shi a Sleep, in ba haka ba wata rana za a rufe ta a jefa a jaka tana kunne ta yi ta dahuwa. Sannan danna maɓallin Windows da P ka zaɓi Second screen only. In ka bar shi a Duplicate alhali allon laftof 1366 x 768 ne, monitar ma za a ja ta ƙasa su yi daidai, hoto ya dushe. Amma ni da zan ba ka shawara, a zafin watan Maris da Afrilu na Bauchi kada ka rufe murfin ruf. Bar shi a ɗan buɗe, ka ɗora bayanta a kan wani abu iska ta riƙa shiga ta ƙasa.

Firinta da filash kuwa, a nan gizo ke saƙa. Danna suwic na USB daidai yake da fizge wayar daga kwamfuta. Kibod bai damu ba. Filash da ake kan rubuta fayil a kansa zai iya lalacewa, har ya ce sai an yi masa fomat. Firinta da ke tsakiyar shafi 40 za ta tsaya a inda take, aikin ya maƙale a layi. Bar firinta a jikin ta tebur kai tsaye, in laftof na son bugawa ka raba ta ta hanyar netwok in duka biyun suna kan wayfai ɗaya. Filash na kwastoma ma a soka shi a jikin kwamfutar da za ta yi aikin.

Akwai kuma maganar wuta. Kafar USB 2.0 miliamf 500 take bayarwa, ta 3.0 kuma 900, kuma duk abin da ke kan suwic ɗin daga wannan kafa ɗaya yake sha. Kibod da maus ba komai suke ci ba. Hadis na waje kuwa, wato hard disk da ake sokawa ta USB, sai ka ji yana ƙyas-ƙyas ya kasa tashi. In dole ne, sayi suwic mai ƙaramar kafar ƙarin wuta ta 5V ka haɗa masa cajar waya. Kuma in suwic ɗin na 3.0 ne, kada ka sa filogin kibod dab da filash na 3.0: hayaniyar da USB 3.0 ke fitarwa tana faɗawa a zangon 2.4GHz da maus ɗin ke amfani da shi, sai ka ga kibiya tana tsalle-tsalle ka zaci batir ne. Don kibod da maus kaɗai, na 2.0 ya wadatar, ya kuma fi sauƙin kuɗi.

Mai_Wayarin_Jekadafari:

Oga, ta huɗun nan ita ce ta fi sauran muhimmanci, kada ka wuce ta. Jan hannun da kake ji alama ce babu wayar ƙasa a layin, wato atin. Akwatin wutar kwamfutar tebur da cajar laftof mai baki uku suna da ƙananan kafasito da ke zubar da ɗan abin da ya rage zuwa wayar ƙasa. In wayar ba ta kai ko'ina ba, jikin ƙarfen yakan tsaya a wajen rabin wutar layi, kimanin bolt 115 a wutarmu ta 230. Ƙarfinta kaɗan ne, shi ya sa ja kawai take yi, amma ya isa ya ƙona cif ɗin HDMI. Haɗarin yana lokacin sokawa ne: na'ura ɗaya tana sama, ɗaya tana ƙasa, in fil ɗin sigina ya riga ƙarfen waje taɓawa, bambancin ta cikinsa zai bi. Daga nan kafar ta mutu, a laftof kuma gyaranta sai an taɓa babban allon ciki.

Yanzu da za ka haɗa kwamfuta biyu da monita ta waya, ka ɗaure jikinsu wuri ɗaya ke nan. Don haka duka ukun su sha wuta daga ekstenshan ɗaya mai baki uku na gaske. Kada ta tebur tana kan janareta, laftof tana kan soket ɗin inbata. Ekstenshan da yawa a kasuwa ramin na uku ado ne, in ka kwance za ka ga waya biyu ce kawai a ciki. Sa mita a kan gwajin haɗuwa, ka taɓa dogon ƙarfen filogi da ramin sama na kowane soket, in ba ta yi ƙara ba babu komai a ciki.

Maganin gaskiya a kira mai wayarin ya kafa sandar ƙasa ta jan ƙarfe, ya haɗa ta da layin shagon da jikin janareta. A wuri mai danshi ake kafa ta, domin busasshiyar ƙasar rani ba ta ɗaukar wuta sosai. Kafin a yi wannan, duk lokacin da za ka soka ko zare HDMI ko VGA, kashe komai daga soket tukuna. In an gama haɗawa kuma a bar wayoyin su zauna, dama amfanin suwic ɗin ke nan. In kana da UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta in an ɗauke, sa monitar da wutar KVM ko suwic a kansa tare da ta tebur, in ba haka ba a ɗauke wuta kwamfuta tana kunne amma ba ka ganin inda za ka danna ka adana aiki.

Ɗan_Gubi:

Ƙarin bayani kan maɓalli biyun da Injiniya ya ce. Ana iya juya monita daga cikin Windows ba tare da taɓa ta ba. Shiga menu nata ka kunna DDC/CI, wato saitin da ke ba kwamfuta damar aika wa monita umarni ta waya. Sauke ƙaramar manhajar ControlMyMonitor ta NirSoft, kyauta ce. Lambar zaɓen kafa ita ce 60, kuma a ƙa'ida 1 VGA ce, 15 DisplayPort, 17 HDMI ta farko, 18 ta biyu. A ta tebur ka yi gajeriyar hanya, wato shortcut, mai ɗauke da ControlMyMonitor.exe /SetValue Primary 60 17, a laftof kuma irinta mai ƙarewa da 60 1. Danna ta da maus, monita ta juya, sannan ka danna suwic na USB. Wasu monitoci lambobinsu sun saɓa wa ƙa'idar, don haka buɗe manhajar a kowace kwamfuta ka ga abin da layin 60 ke nunawa lokacin da take kan allo, shi za ka yi amfani da shi.

Malama_Tumfure:

Dabarar Ɗan_Gubi tana aiki, amma ta fil na 12 da 15 ɗin nan umarnin yake bi a gefen VGA, don haka sai an canza wayar tukuna. Kuma a kiyaye jeri: monita da farko, USB daga baya. In ka fara danna USB, maus ya riga ya tafi ɗaya kwamfutar, ba ka da abin danna gajeriyar hanyar.

A menu na monitar akwai Auto Select ko Auto Source, kashe shi. In yana kunne, da ta tebur ta yi barci monitar za ta tsallaka laftof da kanta, kibod kuma yana can a ta tebur, ka yi ta bugawa kana kallon allon da ba shi kake rubutu a kai ba. A shagon da ake shigar da lambobin rijista da kalmar sirri, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Manna 'yar takarda a kan fitilun suwic ɗin, 1 tebur, 2 laftof, yaran shago su riƙa dubawa kafin su fara bugu.

In za ka kasuwar Wunti sayayya, tafi da laftof ɗin da filogin kibod, a gwada suwic ɗin a gabanka ta kafofin shigarsa duka biyu, ɗaya bayan ɗaya. Abin da za ka riƙo: suwic na USB 2.0 mai wayoyinsa biyu, wayar VGA mai kauri mita ɗaya da rabi, da ekstenshan mai waya uku a ciki.